Uba, Ɗa da Gawa: Nazarin Wani Wasan Soyinka Daga Ogbete

A watan Agustan 1967 Wole Soyinka ya shiga Inugu ya gana da Ojukwu, da fatan a tsayar da yaƙin da ya ɓarke a watan Yuli. Da ya komo aka kama shi, ya yi fiye da shekara biyu a tsare, galibi a kurkukun Kaduna. Bayan fitowarsa ya rubuta wasan kwaikwayon nan mai suna Madmen and Specialists, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1970, aka buga shi littafi a 1971. A wannan maƙala za mu dubi wasan da idon Bahaushen Ogbete, wato unguwar nan ta Inugu inda fatake da mahauta da dillalan shanu na Arewa suka daɗe da zama kusa da ma'aikatan kwal.

Dalilinmu na zaɓen wannan mahanga shi ne, mutanen Ogbete sun ga rushewar gida tun kafin a harba bindigar farko. Garin da Malam Umaru Altine, Bafillacen Sakkwato, ya riƙe wa muƙamin magajin gari a shekarun 1950, shi ne garin da 'yan Arewa suka bari a 1966, bayan kashe-kashen da aka yi wa Ibo a Arewa da ramuwar da ta biyo baya a Inugu da Onica da Fatakwal. Wanda ya san wannan ba ya bukatar a faɗa masa ƙasar da wasan ke magana a kai, ko da yake marubucin bai ambace ta ba.

Jigon wasan a taƙaice shi ne yadda yaƙi ke cinye zumunci. Dakta Bero likita ne da ya tafi fagen daga don ya yi magani, sai ya koma jami'in leƙen asiri. Mahaifinsa, wanda ake kira Tsoho kawai, an ba shi aikin farfaɗo da waɗanda suka naƙasa, shi kuwa ya koya musu tunani, ya kuma ciyar da manyan hafsoshi naman mutum ba su sani ba, don ya nuna musu inda kisan da suke yi ya dosa. Bero ya ɗanɗana, abin ya yi masa daɗi. Ya dawo gida ya kulle uban nasa a ɗakin aikinsa, a ƙarshe ya harbe shi.

Inda wasan ya fi ƙarfi, a ganinmu, shi ne wajen imani. Tsoho ya ƙirƙiro wani abin bauta mai suna As, sunan da ya tsinto daga lafazin wata addu'ar coci, mabaratan nan huɗu kuma suka zama mabiyansa. Abin bauta ne da ba ya jin ƙai, ba ya hisabi, ba ya alkawarin komai, sai dai ya halatta duk abin da mai iko ya aikata. Limamin cocin da ya zo yi wa Bero barka da zuwa, da ya ji zancen naman mutum, sulalewa ya yi. Mai karatu Musulmi zai lura da wani abu da manazarta ba su cika tsayawa a kai ba: a duk wasan babu gawar da aka yi wa sutura. Ba wanka, ba likkafani, ba zaman makoki. Jikin ɗan'adam ya zama nama, har mabaratan suna caca da gaɓoɓinsu. Ga al'ummar da ke ɗaukar jana'iza farilla a kan rayayyu, wannan ya fi harbin ƙarshe tayar da hankali.

Sai dai muna da ƙorafi. Si Bero, 'yar'uwar likitan, wadda ta zauna tana tara saiwoyi da ganyaye tare da tsofaffin mata biyu, Iya Agba da Iya Mate, tana jiran mazan gidan, ita ce tauraruwar da ta fi kama da matan da muka sani. Amma marubucin ya tauye mata baki. Ya bar filin ga Tsoho da wasa da kalmominsa, wanda a kashi na biyu yakan yi tsawo har ya gajiyar. Da an ba ta fitowa guda ita kaɗai da mahaifinta, da ciwon ya fi shiga jiki.

Wannan ya kawo mu gida. Sanannun wasanninmu, irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, gwanaye ne wajen shiga tsakar gida, amma gida ne na lokacin lafiya, rigimarsa aure da kishi da tarbiyya. Yaƙin basasa kuwa waƙa ce ta ɗauke shi, ita ma yawanci don zuga soja. Alhali kayan aikin suna nan a Ogbete: mahaucin da ya rufe rumfarsa ya hau jirgin ƙasa, ya bar kabarin mahaifinsa a Inugu, matarsa 'yar ƙasar da ta rasa ɓangaren da za ta bi, ɗansu da ya dawo garin cikin kakin soja a Oktoban 1967, lokacin da dakarun tarayya suka kama shi, yana neman ƙofar gidan da aka haife shi.