Sharhi a Kan Yadda Ake Fassara Tasirin Baƙin Sinadarai a Ƙanƙarar Dutse Cikin Tsananin Sanyi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wata hanya da ta zama jiki ga masu nazarin ƙanƙarar dutse, wato kwaz, game da yadda take isar da zafi cikin tsananin sanyi. A ganinmu, ana yawan ɗora wa nauyin baƙin ƙwayoyin zarra alhakin da ba nasa ba. Wannan kuwa yakan kai mai bincike ga sakamakon da ya yi kyau a takarda, amma bai bayyana abin da ke gudana cikin dutsen ba.

2.0 Shimfiɗa

Girgizar ƙwayoyin zarra ce ke ɗaukar zafi daga wannan gefe na dutsen zuwa wancan, kuma masana suna kiran wannan girgiza fonon. A shekarar 1935 de Haas da Biermasz sun yi awo a Leiden ta ƙasar Holan, suka tarar ƙarfin isar da zafi yana hauhawa gwargwadon ƙaruwar sanyi, har ya kai ƙololuwa wajen digiri 10 na ma'aunin Kelbin, sa'an nan ya shiga raguwa. Casimir ya bayyana dalilin raguwar a 1938: fonon yana karo da bangon dutsen, saboda haka kaurin dutsen ne ke iyakance shi. A daidai ƙololuwar nan ne baƙin sinadarai suka fi yin tasiri. Klemens kuwa ya fito da lissafin wannan tasiri a 1955, ya haɗa da bambancin nauyi da kuma matsin da baƙo yake jawo wa maƙwabtansa.

3.0 Inda Gizo ke Saƙa

Matsalar ita ce, da yawa sukan ɗauki ɓangaren nauyi kaɗai domin shi ya fi sauƙin lissafi. To, bari mu gwada shi. Baƙon da aka fi samu a kwaz shi ne alminiyam, wanda ke zama a gurbin silikon. Nauyinsa 27 ne, na silikon kuwa 28. Amma silikon kansa jinsi uku ne: mai nauyin 28, wanda ya kai kimanin kashi 92 cikin 100, da mai 29, kimanin kashi 5, da mai 30, kimanin kashi 3. Idan muka bi lissafin nauyi, ko da alminiyam ya kai 100 cikin miliyan, tasirinsa ya gaza na waɗannan jinsuna fiye da sau dubu. Ke nan nauyin alminiyam ba zai iya zama dalilin wani canji da awo zai gani ba.

Abin da ake mantawa shi ne alminiyam ba ya zuwa shi kaɗai. Da yake cajinsa ya gaza na silikon da ɗaya, yakan jawo abokin tafiya, ko litiyam ko sodiyam ko haidirojin, ya tsuguna kusa da shi. Hujja a nan a fili take. Kwaz mai sodiyam yana shanye ƙarfin girgiza sosai a kusa da digiri 50 na Kelbin. In aka gasa dutsen zuwa wajen digiri 500 na Salshiyos, aka kori sodiyam da ƙarfin lantarki, ko aka musanya shi da litiyam, sai wannan alama ta ɓace, alhali alminiyam yana nan bai motsa ba.

4.0 Kammalawa

Batun yana da muhimmanci, domin da kwaz Zeller da Pohl suka kwatanta gilashi a 1971, lokacin da suka nuna cewa halinsa ya saɓa wa na kiristal a ƙasa da digiri 1 na Kelbin. Mudun da ake awo da shi kuwa, wajibi ne a san cikinsa. Don haka muna ba da shawara cewa duk mai gabatar da awo ya faɗi yawan alminiyam, da irin abokin tafiyarsa, da kaurin dutsen. Ya kuma auna dutse guda sau biyu, kafin korar sodiyam da bayanta, domin ta haka ne za a rarrabe aikin kowane baƙo.