Wuƙar da Ke Zaɓen Jijiya

Daga Kiru da Bebeji har Tudun Wada da Doguwa, ba wuya ka ga yaro yana takawa da yatsun ƙafa, gwiwoyi na gogar juna, ƙafafu a harɗe kamar almakashi. Wasu su ce iska ce. Yawanci kuwa ƙwaƙwalwa ce ta sami rauni, ta dalilin doguwar naƙuda, ko haihuwar bakwaini.

Duk wanda ya san Dam ɗin Tiga zai gane abin nan take. Tsoka na aika saƙo zuwa laka, laka ta mayar da umarnin a ɗaure, ƙwaƙwalwa kuwa ita ce kamar mai tsaron ƙofar dam da ke rage kwararar. In mai tsaron ya kasa, saƙo ya yi ambaliya, sai ƙafa ta sandare dare da rana.

A nan likitan tiyatar jijiya ke nuna gwaninta. Zai buɗe ƙasan gadon baya, ya ware jijiyoyin da ke kai saƙo daga waɗanda ke motsa ƙafa. Na biyun ba ya taɓa su. Na farkon sai ya tsefe su sili-sili a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ɗosana wa kowane sili 'yar wutar lantarki, abokan aikinsa na kallon yadda tsokoki ke amsawa. Silin da ya sa ƙafa ta zabura fiye da kima, har motsin ya tsallaka wani sashe, shi ake yankewa. Mai natsuwa a bar shi. Haƙurin nan ne ke burge ni, domin abin da aka yanke ba ya komawa.

Bajamushe Otfrid Foerster ne ya fara aikin a 1908, amma shi jijiya sukutum yake yankewa, ƙafa ta saki, ji kuma ya tafi. Wajen 1980 Warwick Peacock ya kyautata hanyar zaɓen a Cape Town ta Afirka ta Kudu.

Ba kowane yaro aikin ke karɓa ba. An fi yi wa ƙanana masu ɗan ƙarfin takawa. Bayan tiyata ƙafa kan yi laƙwas, sai an shafe watanni ana gashi da motsa gaɓɓai, irin aikin da likitocin gashi ke yi a Asibitin Ƙashi na Dala, kafin diddige ya saba da taka ƙasa.