Zanzaron murzuna yana aiki, amma a rage yabon

Duk wanda ya taɓa ganin zangarniyar gero da murzuna ta bi ya san abin takaicin: tsutsar tana cin furen tana zagayawa, ta bar zane kamar an naɗe zangarniyar da igiya. Tun bayan farin shekarun 1970 take addabar manoman Sahel.

Maganin da ake ta yabawa shi ne wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Macen tana harbin tsutsar ta sandare, ta yi ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Masu bincike na INRAN a Maraɗi da abokan aikinsu sun samo dabara mai sauƙi: ƙaramin buhu, a zuba gero da tsutsotsin da aka kiwata, a sa matan zanzaro biyu, a rataye a gonaki. Buhu 15 ake ba ƙauye. Ba feshi, ba guba. Wannan kam aiki ne na a yaba.

Inda nake da ja shi ne yadda ake ba da labarin. Za ka ji an ce tsutsa kaza cikin ɗari ta mutu, sai mai sauraro ya ɗauka geron da aka tsirar ke nan. To, ba haka ba ne. Zanzaron nan ya fi kama tsutsar da ta girma, wato wadda ta riga ta ci rabonta. Kashe ta yana hana ƙarin ɓarna, yana kuma rage waɗanda za su shige ƙasa su jira baɗi. Amma dami manomi ke ƙirgawa, ba gawar tsutsa ba. Shi ya sa binciken da ake yi kan Trichogrammatoidea armigera, mai lalata ƙwan tun bai ƙyanƙyashe ba, ya fi jan hankalina.

Sannan rani yana karya zanzaron, don tsutsar da zai hayayyafa a kanta ta yi ƙaranci. Kusan duk damina sai an sake sakinsa. Wa zai biya? Zanzaro bai san iyakar gona ba: Malam ya sayi buhu, maƙwabcinsa ya amfana kyauta. Idan kuma maƙwabcin ya ɗauko famfo ya fesa wa wakensa magani a makon da aka rataye buhunan, zanzaron da ya shiga gonarsa ba lallai ya fito ba.