Masu fentin alluna: sana'ar da ake koya da kwaikwayo

Duk wanda ya bi hanyar Magariya zuwa Tinkim, ko ya ratsa kasuwar Dungas, ya ga aikinsu ko da bai san su ba: kawunan samari a allon mai aski, keken ɗinki a ƙofar tela, zaki ko doki a bayan babbar mota mai zuwa Kano.

Yaron shago da wanke buroshi da kananzir yake farawa. Daga nan maigida ya jingina masa tsohon allo, ya ce ya fitar da irinsa. Ya shafa farin fenti, ya jira ya bushe, ya ja siffa da alli, sannan ya ɗora launi bisa launi, mai duhu tukuna. Fenti mai mai ba ya son gaggawa. Wanda ya taɓa shi ɗanye ya dama kunu. Ido da hanci ne ke tona asirin sabon hannu, shi ya sa ake daɗewa a kansu.

Masu raina wannan hanya su dubi Turai. A 1628 shahararren mai zane Rubens, yana da shekara 51, sarakuna na layin aikinsa, ya zauna a Madrid yana kwafar ayyukan mai zane Titian ɗaya bayan ɗaya. Har gobe gidan tarihin Louvre a Faransa yana barin masu koyo su kafa allo gaban tsoffin zane, da sharaɗin girman kwafin ya bambanta da na asali.

Na Magariya ba su da Louvre. Samfurinsu tsohuwar kalanda ce da hoton waya, ga kuma banar da inji ke bugawa tana cinye musu kasuwa.