Naira 390 da Manomin Malumfashi

Kundin shirin faɗaɗa intanet na ƙasa, na 2020 zuwa 2025, ya yi alkawarin gigabait ɗaya a kan kuɗin da bai wuce naira 390 ba. Ina ganin rauninsa a harshensa yake: harshe ne na alƙaluman ƙasa baki ɗaya, wanda manomin masara na Malumfashi ke ɓacewa a cikinsa. Shi buƙatarsa ya ji farashin kasuwar Dandume kafin dillali ya iso gonarsa. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a Funtuwa, Bakori da Malumfashi saboda 'yan bindiga, kuma ma'aunin araha ba shi da gurbin irin waɗannan ranaku. A Janairun 2025 ma, hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.