Tafarnuwa a Minti na Ƙarshe: Kariya ga Abincin Alƙahira

Akwai wani hukunci da ya daɗe yana yawo a kan abincin Masar, kuma bakuna biyu ne ke maimaita shi. Na farko bakin marubutan littattafan yawon buɗe ido ne, waɗanda in sun tashi jera girkin Larabawa sai su ɗora Labanon da Siriya a sama, Maroko na biye, su bar Masar can ƙasa da wakenta da gurasarta. Na biyu bakin wasu ɗalibanmu ne da suka yi shekaru a Azhar, suka dawo Kano ko Damagaram ko Kumasi suna cewa ƙasar akwai ilimi amma babu miya. Dukansu sun yi kuskure, kuma kuskuren iri ɗaya ne. Sun auna abincin da yawan naman da ke cikin kwano da yawan kayan ƙamshin da aka zuba, alhali gwanintar mai girkin Alƙahira tana wani wuri dabam: tana cikin abin da yake yi a minti ɗaya na ƙarshe, kafin kwano ya bar hannunsa.

Tun da Faɗimiyyawa suka kafa birnin a shekarar 969, Alƙahira gari ne mai cin abinci a waje. A zamanin Mamalik itacen girki na da tsada, gidaje a cunkushe suke, gobara kuwa abin tsoro ce, don haka talaka dafaffe yake saya a kasuwa, mai ɗan hali kuma ya aika da tukunyarsa gidan tanda. Masanin tarihi Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya yi bayanin masu sayar da dafaffen abinci a dandalin Bainal Ƙasraini. Kafinsa Ibnul Ukhuwwa ya rubuta littafin hisba mai babi-babi a kan masu gashi, masu suyar kifi da masu dafa kawunan dabbobi, da yadda muhtasibi zai sa musu ido. Littafin girki na Kanzul Fawa'id, na ƙarni na 14, yana ɗauke da girki sama da 800, har da na mulukiyya, kuma Nawal Nasrallah ta fassara shi zuwa Turanci a 2018. Ita wannan mulukiyyar ce halifa Alhakim bi Amrillah ya haramta wa mutanen Masar wajen shekarar 1005, abin da ke nuna yadda ta riga ta kama gari tun a lokacin. Turkawan Usmaniyya sun zo a 1517 sun ƙara nasu, Italiyawa da Girkawa suka kawo taliya da gidajen alawa a ƙarni na 19 da na 20, har gidan alawa na Groppi ya buɗe shahararren reshensa a dandalin da yanzu ake kira Talaat Harb a 1925.

Yau birnin da kewayensa sun haura mutum miliyan 20, kuma tsarin cin abincin bai sauya sosai ba. Da asuba keken mai ful ne ke buɗe rana. Waken ya kwana yana nuna a hankali a cikin ƙidra, tulun ƙarfe mai faɗin ciki da ƙaramin baki, mai shi na zura dogon ludayi yana kwasowa, ya zuba mai da gishiri da kamun da lemon tsami, leburori da ma'aikatan banki na ci a tsaye kafaɗa da kafaɗa. A gefe ana suyar ɗa'amiyya, wadda ake niƙawa daga ɓararren waken ful da ɗanyen ganye, a barbaɗa mata riɗi, ta fito waje ja ciki kore shar. Da rana shagon kushari ne ke cika. Da dare kuma unguwannin Sayyida Zainab da Husaini da Shubra su tashi da hayaƙin kabab da hanta da tattabarar da aka cusa wa shinkafa ko farik, wato gasasshiyar ɗanyar alkama. A ƙarƙashin wannan duka akwai aish baladi, gurasar da gwamnati ke tallafa wa: ƙirshi 5 aka sayar da ita fiye da shekara 30, sai a watan Yunin 2024 ta koma ƙirshi 20. Ba kuma talauci kaɗai ya sa nama ya yi ƙaranci a wannan jeri ba. Kibɗawa Kiristoci na azumin barin nama da nono da ƙwai wajen kwana 200 a shekara, kuma ful da ɗa'amiyya da kushari duk abincin azuminsu ne, sai ya zama masu girkin ƙasar sun shafe ƙarnoni suna koyon fitar da daɗi daga wake da ganye.

Wanda yake son ganin yadda suke yin haka, ya tsaya a kan mulukiyya. Ganyen ba baƙo ba ne, lalo ne. Abin da ya bambanta shi ne tsarin aikin. Mai girkin Bahaushiya da suya take farawa: mai ya yi zafi, albasa da jajjage su soyu, sannan ta tsaida ruwa, ƙamshin suyar ya narke cikin miya a tsawon dahuwa. 'Yar Alƙahira juya wannan tsari take yi. Ruwa ne farko, suya ce ƙarshe, kuma wannan suyar ta ƙarshe ita ake kira ɗasha.

Romo ake fara haɗawa, na kaza ko agwagwa ko zomo, mutanen Iskandariyya kuma na yi da jatan lande. A tsinke ganyen daga kara, a wanke, a shanya shi ya tsane sarai, don ganye mai ruwa ba ya yankuwa da kyau. Sai a ɗauko makhraɗa, wuƙa mai lanƙwasa kamar jinjirin wata da mariƙi biyu, a yi ta kaɗa ta dama da hagu a kan ganyen har ya yi laushi yana manne wa ƙarfen. Injin markaɗe na iya yin wannan cikin ƙiftawar ido, amma dagargaza ganyen yake yi maimakon yanka shi, kuma gogaggun masu girki na gane bambancin a harshe. Idan romo ya tafasa sai a rage wuta, a zuba ganyen, a kaɗa. Daga nan an shiga wurin haɗari. Ba a rufe tukunya, ba a bari ta yi ta tafarfasa. In aka yi sake, ganyen ya nutse ƙasa, romo ya taso sama shi kaɗai, yauƙin ya tsinke. Misirawa na cewa mulukiyya ta faɗi, kuma babu abin kunyar da ya fi wannan ga mai girki a gaban baƙi.

A daidai lokacin da ganye ke shiga romo, ƙaramin kasko na kan ɗaya murhun. An riga an daka tafarnuwa a turmi da ɗan gishiri, an haɗa ta da busasshiyar kusbara. Man shanu, wanda suke kira samna baladi, ya narke ya yi zafi, sai a zuba. Tafarnuwa ba ta jira. Da fari ƙamshinta ɗanye ne mai hawa hanci, sai ta fara kumfa a gefen kasko, launinta ya juya daga fari zuwa ruwan zinare, kusbarar ta saki wani ƙamshi mai kama da na gasasshiyar gyaɗa da ɓawon lemo. Tsakanin wannan launi da ƙauri 'yan daƙiƙu ne. Wanda ya sauke da wuri ya bar gafin tafarnuwa a miya, wanda ya makara ya zuba ɗaci, kuma babu gishiri ko lemon tsamin da zai gyara. Dole tukwane biyun su kai a lokaci guda: ganye bai faɗi ba, tafarnuwa ba ta ƙone ba. Sai a ɗaga kasko a juye cikin tukunya, ta yi cuuu, tururi ya turnuƙe, ƙamshin ya fita ta taga har maƙwabta na benen sama su san me aka girka. Da yawa kan ɗebo ludayi ɗaya na miyar su ɗauraye kaskon da shi su mayar, don kada ƙwayar tafarnuwa ɗaya ta salwanta. Daga nan a kashe wuta.

A daidai juyewar ne matan Masar ke yin shahƙa, wato jan numfashi da ƙarfi kamar wadda ta firgita. Tsofaffi na cewa in ba a yi ta ba miyar ba za ta yi kyau ba, kuma akwai tatsuniyoyi iri-iri a kan asalinta. Masu kallo daga waje sun mayar da ita abin dariya a bidiyo. Wanda ya fahimci aikin zai ga cewa shahƙa shaida ce a kan inda hankalin mai girki yake. Ba a yi wa yankan ganye ko dahuwar romo wata al'ada ba. Wannan daƙiƙar kaɗai aka ware aka sa mata alama, domin a kanta miyar ta dogara, kuma yarinyar da ke tsaye kusa da uwarta ta kan koyi lokacin da kunne tun kafin a ba ta ludayi.

Masu fifita girkin Sham za su ce ai can ma ana soya tafarnuwa da kusbara. Gaskiya ne, amma mulukiyyarsu da ganye ɗungurungum ake yin ta, a dafa da kaza, kuma tana jure jira a kan wuta. Ta Tunusiya da garin busasshen ganye ake yi, a bar ta awoyi da yawa har ta yi duhu. Duka biyun girki ne na haƙuri, suna da daɗinsu. Ta Alƙahira girki ne na saiti, kuma shi ya fi wuya.

Da zarar mutum ya gane ɗasha, sai ya riƙa ganin 'yan uwanta a ko'ina. Fattar Babbar Salla gutsattsarin gurasa ne da shinkafa da romo da nama, abin da zai yi lami in ba don tafarnuwar da ake soyawa a kashe ta da ruwan khal a kwarara a kai ba. Miyar kuɓewa da ita ake rufe ta. Gwaza, wadda Kibɗawa ke ci a bikin Giɗas cikin watan Janairu, da soyayyen ganye da tafarnuwa ake gama ta. Kushari ma, da ake yi wa gorin cewa tarkacen shinkafa da adas da makaroni ne, a kan wannan ƙa'ida aka gina shi. Masu tarihi da dama na danganta asalinsa da khichdi na Indiya, taliyar kuma daga baya ta shigo, amma abin da ya mayar da shi na Masar yana saman kwano. Albasa ce da aka yanka siriri aka soya har ta yi rumus, man da aka soya ta kuma a mayar da shi cikin shinkafar. Mai zubawa na tsaye bayan manyan tukwane yana ƙwanƙwasa ludayi a bakin kwano, shinkafa da adas, makaroni, miyar tumatir, hummus, albasa a ƙarshe. A kan tebur kuma ga kwalabe biyu: daƙƙa, ruwan tafarnuwa da khal da kamun, da shaɗɗa, man barkono. A nan mai ci ne da kansa ke yin aikin minti na ƙarshe.

Wannan ne ya sa masu sukar suka ɓata. Ɗan yawon buɗe ido a teburin otal ya haɗu da mulukiyya, bayan ta yi awa biyu a kan ruwan zafi da murfi a kanta. Ɗalibi kuma a ɗakin cin abincin makaranta ya san ta, inda aka dafa wa ɗaruruwan mutane tun hantsi. Abin da suka ci ya riga ya mutu kafin ya iso gabansu. Girkin Sham na mezze, wato ƙananan kwanukan abinci iri-iri da yawancinsu a sanyaye ake ci, ba ya asarar komai a irin wannan tebur, shi ya sa yake cin gasar da ba a shirya ta da adalci ba. Gidajen abincin Siriyawa da suka cika birnin 6 ga Oktoba bayan 2011 sun samu karɓuwa, sun kuma cancanta, amma nasararsu ba hujja ba ce a kan abincin masu masaukinsu.

Ainihin gidan abincin Alƙahira shi ne shagon da ke yin abu ɗaya kusa da wuta. Abou Tarek a titin Champollion, wanda ya faro daga keken turawa ya zama bene mai hawa-hawa, kushari yake sayarwa, kuma yawan masu shiga da fita ne ke tabbatar da cewa albasar ba ta kwana. Farahat a kusa da Azhar da tattabara aka san shi. Kebdet El Prince ya yi suna a Imbaba da kawo tukunyar mulukiyya har gaban mai ci, a kwararo ta daga sama cikin kwano tana tururi. Ko Zooba, da aka buɗe a Zamalek a 2012 don kai abincin titi ga masu kuɗi, har ya kai New York a 2019, bai taɓa wannan ƙa'ida ba: ado ya sauya, ɗa'amiyyar kuwa daga mai take fitowa zuwa hannu.

Barazanar da ke gaban wannan girki yanzu ita ce baburan kai saƙo da suka cika titunan birnin. Kushari ya sami mafita, domin shaguna na ƙulla daƙƙa da shaɗɗa da miyar tumatir a 'yan ledoji dabam, mai ci ya haɗa a gida. A watan Disamban 2025 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya, tare da ayyukan da ke kewaye da shi. Mulukiyya ba ta da irin waccan dabara ta ledoji. Rabin awa a cikin roba mai murfi, a cunkoson gadar 6 ga Oktoba, ya isa ya kayar da ganyen ya kashe ƙamshin tafarnuwar. Don haka makomarta a wajen gida tana hannun gidajen abincin da suka yarda su ajiye mutum guda a bakin murhu, aikinsa kawai ya yi wa kowace tukunya ɗasharta daban, ko da hakan zai sa mai ci ya ƙara jiran minti biyar.