Muryar ɗan dako a Tireshbil

Fim ɗin Moi, un Noir na Jean Rouch, wato "Ni, baƙar fata", ya fito a 1958. Labarin samarin Nijar ne da suka tafi ci-rani Abijan, suka sauka a unguwar Tireshbil, matattarar leburori. Kullum da safe sai su tsallaka ruwa zuwa inda ofisoshi da kantunan Turawa suke, ko Allah zai sa a samu aikin yini. Babban ɗan wasan shi ne Oumarou Ganda, ɗan Yamai, wanda ya yi wa Faransa yaƙi a Indocin, ya dawo ya ƙare da ɗaukar buhuna a tashar jiragen ruwa.

An ɗauki hoton ba tare da sauti ba. Daga baya aka zaunar da Ganda yana kallon kansa, yana faɗin abin da ya zo masa a baki. Ni da nake cin abinci da makirufo, nan ne na fi kasa kunne. Idon kyamara na Rouch ne, kuma ido ne na baƙo: yana son rawa, yana son dambe, yana son daren Asabar. Ita kuwa muryar tana ƙorafin kuɗi, tana zolayar kanta, tana mafarkin zama zakaran dambe. Sunan da ya ɗauka ma, Edward G. Robinson, na ɗan wasan Amurka ne. Talaka ya ari suna a gidan silima don nasa bai saya masa komai ba a birnin.

Sembène Ousmane ya taɓa zargin Rouch da kallon 'yan Afirka kamar ƙwari. Akwai gaskiya a ciki. Fim ɗin ya nuna gumin lebura, bai leƙa ofishin mai yanke masa lada ba. Yarinyar da ake kira Dorothy Lamour kuwa ba a ba ta bakin kirki ba, abin sha'awar maza kawai aka mai da ita.

Amma zargin bai kama ƙarshen fim ɗin ba, inda Ganda yake tafe a bakin ruwa da wani yaro, yana kwaikwayon yadda ake harbi da faɗuwa a Indocin. A nan shi ke jan kyamara, Rouch na biye. Shekara 14 bayan haka, a 1972, fim ɗinsa na kansa, Le Wazzou polygame, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu.